Wa ke naɗa shugaban gidan zuhudu na Glastonbury, sarki ko 'yan gidan?

Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina nazarin tarihin Ingila na tsakiyar zamani, kuma akwai abin da ya shige mini duhu game da gidan zuhudu na Glastonbury da ke yankin Somerset. Ƙa'idar Waliyyi Benedict, wadda gidan ke bi, ta bai wa 'yan zuhudu damar zaɓen shugabansu da ake kira abot, amma idan na bi jerin shugabannin sai in ga wannan jinin sarauta ne, wancan kuma daga ƙetare aka kawo shi. Shin zaɓen na gaske ne, ko kuwa sarki ne mai wuƙa da nama?

Malam Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Amsar tana cikin dukiyar gidan. A babbar ƙididdigar filaye da Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086, babu gidan zuhudu a Ingila da ya kai Glastonbury arziki, kuma wanda ke riƙe da irin waɗannan gonaki da ƙauyuka babban hakimi ne da sarki ke bin sa bashin mayaƙan doki da biyayya, ko da kuwa rigar ibada ce a jikinsa. Saboda haka ba a taɓa tsammanin sarki zai naɗe hannu ya bar wannan kujera ga wanda bai yarda da shi ba.

Abin ya daɗe. Dunstan, wanda ya farfaɗo da gidan a shekarun 940 kafin ya zama babban bishop na Canterbury, Sarki Edmund ne ya naɗa shi. To amma inda lamarin ya fi muni shi ne bayan Normawa, mutanen Normandi da ke arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. An tuɓe shugaba ɗan ƙasa, aka kawo Thurstan daga Caen a Normandi. A 1083 ya nemi tilasta wa 'yan zuhudu su bar salon rera addu'a da suka gada su ɗauki wanda ya zo da shi daga ƙetare, da suka ƙi sai ya turo musu sojoji. Suka gudu cikin coci suka kulle ƙofa, sojojin suka ɓalle ta, wasu suka hau bene suna sakin kibau kan mutanen da ke ɓoye a gindin bagade. Marubutan lokacin sun ce an kashe uku, an raunata 18. Sarki Wiliyam ya mayar da Thurstan Caen, amma bayan mutuwar sarkin ya sake samun kujerar daga hannun ɗansa, kuma an ruwaito cewa fam 500 ya biya.

Malama Rifkatu ta amsa:

Na yarda da Malam Bashir a kan dalilin, sai dai bai kamata a ɗauka cewa duk wanda aka ɗora daga sama ɓarna ya yi ba. Henri na Blois, wanda kawunsa Sarki Henri na Ɗaya ya naɗa a 1126, ya tarar da gida a lalace, filaye sun salwanta a hannun masu ƙarfi, ya ƙwato su, ya yi gine-gine, ya riƙe kujerar har mutuwarsa a 1171. Tun daga 1129 ya haɗa ta da muƙamin bishop na Winchester, wanda ke nufin ba kullum yake zaune a gidan ba, amma da yake ƙanen Sarki Stephen ne, ba kowa ke iya taɓa kayan gidan ba. A ganina wannan ne 'yan zuhudun suka fi bukata a wancan zamani.

Abin da ya fi cutar da su shi ne a bar kujerar babu kowa, domin a irin wannan lokaci kuɗin shiga na hannun sarki ne. Haka gobarar da ta cinye gidan a 1184 ta same su ba su da shugaba. Ba da daɗewa ba Savaric, bishop na Bath, ya mayar da gidan ƙarƙashin ikonsa a shekarun 1190, kuma a nan ne za ki ga zaɓe na gaske, domin 'yan zuhudun sun yi kunnen ƙashi suka zaɓi nasu, William Pica, suka kai ƙara gaban Fafaroma. Sai a 1219 suka sami 'yancinsu, bayan sun sallama wa bishop wasu daga cikin filayensu.

Yakubu ya amsa:

Ƙarin bayani kaɗan game da shugabansu na ƙarshe, Malama. Da shugaban gidan Richard Beere ya rasu, 'yan zuhudun da kansu suka miƙa wa Kadinal Wolsey, babban wazirin sarki a lokacin, ikon zaɓe, shi kuma ya ɗauki Richard Whiting a 1525. Whiting ba ɗan tawaye ba ne, domin a 1534 ya sa hannu a takardar amincewa da Sarki Henri na Takwas a matsayin shugaban cocin Ingila. Laifinsa shi ne ya ƙi miƙa gidan lokacin da ake rushe gidajen zuhudu, kuma a ƙiyasin dukiyar coci na 1535 gidan zuhudu na Westminster kaɗai ya fi na Glastonbury samun kuɗi.

An yi masa shari'a a Wells bisa zargin ɓoye dukiyar gidan, sannan ranar 15 ga Nuwamba 1539 aka ja shi zuwa saman tsaunin da ke gefen garin Glastonbury, aka rataye shi tare da 'yan zuhudu biyu, John Thorne da Roger James. An kafa kansa a ƙofar gidan, aka rarraba sassan jikinsa zuwa Wells da Bath da Ilchester da Bridgwater. Shari'ar ma ta jeka-na-yi-ka ce, domin a cikin takardun Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki, akwai inda ya rubuta tun kafin a zauna kotu cewa za a gurfanar da shugaban a Glastonbury kuma a kashe shi a can.