Rage ƙara a tsohuwar rediyon sadarwa Kenwood TS-520

Bello, Garwa: Assalamu alaikum. Ƙarar injin sola tana cinye murya a zangon rediyo na mita 40. Ina son haɗa na'urar rage ƙara ta dijital da ƙaramin allon kwamfuta Teensy 4.0. A ina zan ɗauki sauti?

Malam Isa, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam Bello. Ɗauko daga ramin abin kunne, kada ka taɓa cikin rediyon, akwai wuta mai kisa. Sa taransifoma 600:600 ohm a tsakani, ita ke hana gurnani. Shigar da sautin cikin allon sauti SGTL5000 na Teensy, ka tace shi ka bar 300 zuwa 2700 Hz kawai, sannan LMS, wato dabarar lissafi mai rage ƙara. Fitar da sautin ta mafitar layi (line out) zuwa LM386, ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ramin kunnen allon ba ya son a haɗa shi da wayar ƙasa (ground).

Alhaji Musa, Injamena: Ba na'urar wuta ta 7805, mai daidaita wuta zuwa volt 5, domin ƙananan cajojin waya su kansu ƙara suke haifarwa. Akwatin ƙarfe dole ne, da zoben ferit mai tare ƙara a kowace waya. Amma ɗana, na'urar tana bayan AGC, sashen rediyon da ke daidaita ƙarfin sigina da kansa, don haka ƙara mai ƙarfi ta riga ta danne siginar. Nisanta eriya daga injin tukuna.

Malam Isa: Gaskiya ne, Alhaji. Kuma in ka cika tacewa, murya za ta riƙa rawa.