Lambar 4,294,967,297 ta hana ni barci

Assalamu alaikum, malaman lissafi. A taimaka min.

An ba mu aikin gida mu gano ko 4,294,967,297 lamba ce da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Ita ce 2 a jere sau 32 ana ninkawa, sannan a ƙara 1, wato ɗaya daga cikin lambobin da ake kira da sunan masanin lissafi Fermat.

Na fara raba ta da hannu da 3, 7, 11, 13, har na kai 97, kowace sai ta bar saura. Da na ga sai na kai wajen 65,536 kafin in gama, na ajiye biro.

Sai na koma gwajin Fermat a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Gwajin ya dogara ne kan cewa idan lamba n da ta wuce 2 ba ta rabuwa, to 2 a jere sau n-1 ana ninkawa, in aka raba da n, saura 1 zai bari. Na rubuta pow(2, n-1, n), wanda ke lissafa wannan sauran, ya ba ni 1 cif. Na yi murna, har na rubuta a littafina cewa ba ta rabuwa.

Ashe da sauran rina a kaba. Abokin karatuna ya ce tun 1732 masanin lissafi Euler ya raba ta da 641. Na gwada, wallahi ba saura ko ɗaya: 641 sau 6,700,417. Da na canza 2 ɗin zuwa 3, amsar ba ta zo 1 ba. Na sake duba abin da na rubuta sau uku, ban ga kuskure ba.

Tambayata: me ya sa gwajin da 2 yake ba da 1 alhali lambar tana rabuwa? Ranar Litinin zan miƙa aikin. Na gode.