Neman shawara: zuba lambatun kankare na kwantar da kebul ɗin wuta

Mai Bulo, Dakata:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da masu wayarin da ke cikinmu. Sana'ata buga bulo da zoben rijiya. An kawo min aikin wani gidan casar shinkafa a Sharaɗa, suna son lambatun kankare mai murfi wanda za a kwantar da kebul a ciki, daga taransifoma mai 500kVA zuwa ɗakin fanel, inda ake rarraba wutar. Tsawon mita 60 ne, kuma mita 12 daga ciki ya ratsa ta gaban get, inda tireloli ke shiga da shanshera. Niyyata in zuba shi gunduwa-gunduwa a filina, in kai a jera. Wane faɗi da zurfi zan yi? Kwaɓin zoben rijiya zai wadatar? Wane rodi zan sa, kuma kwana nawa kafin a ɗauka? Allah Ya saka da alheri.

Mai Wayarin, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yanka katako ko ɗaya sai wanda zai ja kebul ɗin ya rubuta maka guda nawa ne da kaurin kowanne, don kebul shi ke yanke girman lambatu. Taransifoma mai 500kVA a kan 415V tana ba da kusan amfiya 700. Kebul ɗaya mai jijiya huɗu ba zai ɗauki wannan ba, dole a haɗa biyu ko uku, kuma kowanne mai sulke kaurinsa ya kai santimita 6 zuwa 7. Ba a kwantar da su manne da juna, ana barin tazarar kaurin kebul ɗaya a tsakani saboda zafi ya samu hanyar fita. Ka ga guda uku da tazararsu sun cinye wajen santimita 35. Saboda haka faɗin ciki 45, zurfi 45, shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi.

Sai batun kwana, wato inda hanya ta juya. Irin wannan kebul ba ya lanƙwasuwa yadda mutum yake so. Mafi ƙanƙantar lanƙwasa ita ce ninki 8 na kaurinsa, masu aikin kirki kuma suna barin ninki 12, wato kusan santimita 80. Idan lambatu ya karya kwana tsaye, sai leburori su danna kebul da ƙarfe don ya shiga, robar ciki ta matse, bayan wata da watanni ya buga a daidai wurin. Duk inda hanya ta juya a gina camba, wato babban rami mai murfi, mai faɗin mita 1.2 kowane gefe.

Injiniyan Gini, Bompai:
Malam Mai Bulo, aikin nan kashi biyu ne, kada ka haɗa su. Mita 48 da ƙafa kawai ke takawa, shi za ka zuba a filinka. Mita 12 na gaban get kuwa ba aikin murfi ba ne sam, zan zo kansa.

Kwaɓin zoben rijiya ba zai yi ba, balle na bulo. Ka yi 1:1.5:3, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki uku na yashi, shida na tsakuwa. Buhu ɗaya kwano biyu ne, da haka ake lissafin. Siminti ya zama mai lamba 42.5, ka duba jikin buhun, don shi ne ke saurin kamawa har ka kwance mol, wato akwatin zubi, washegari. Yashin kogi mai kaushi za ka sa, ba rairayin filasta ba. Ka gwada shi kafin tifa ta juye: zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye awa uku. Idan lakar da ta kwanta a sama ta wuce santimita ɗaya a kan yashi mai tsayin santimita 15, ka mayar da shi. Laka tana hana siminti kama yashi, ita ce ke sa bakin kankare ya riƙa marmashewa. Tsakuwa ta zama mai rabin inci. Mai inci uku bisa huɗu tana maƙalewa tsakanin rodi da katako a bango siriri, ta bar ramuka.

Ruwa lita 22 zuwa 25 a buhu, wato kada ya wuce jarka ɗaya, ka rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. A nan ake ɓata yawancin aiki. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma ruwan da ya wuce kima idan ya bushe ƙananan kafofi yake bari a jikin kankaren, ta nan damshi ke shiga ya ci rodi. Idan kwaɓin ya ƙi shiga mol, a sa foka, wato injin girgiza kankare, kada a ƙara ruwa.

Kaurin bango da na ƙasa santimita 7.5, wato inci uku. Tsawon kowace gunduwa santimita 60. Na san za ka so mita ɗaya don aiki ya yi sauri, to ka lissafa: kankare kilo 2,400 ne a kubik mita, gunduwa mai santimita 60 tana kaiwa kilo 160, mutum huɗu da sanda za su iya. Mai mita ɗaya ta kai kilo 270, sai da injin ɗaga kaya, in kuwa aka ja ta a ƙasa bakunan sun tafi.

Rodi mai milimita 8, a lanƙwasa shi ya bi bango ya bi ƙasa ya hau ɗaya bangon ba tare da an yanke ba, tazara santimita 15, a ɗaure da na kwance su ma 15. Kada a sa na bango daban na ƙasa daban, don a kusurwar nan ƙasar gefe ke turo bango, nan yake tsagewa. A sa biskit, wato ƙananan guntayen kankare da ake tokare rodi da su, don rodin ya zauna a tsakiyar kauri, kada ya jingina da katako.

Lissafin siminti: gunduwa 80, kowacce ta ɗan wuce rabin buhu, wajen buhu 43. Murfi 80 masu 60 da 60, kaurin 7.5, wajen buhu 17. Ka sa 65 saboda abin da ke zubewa. Cambobi da gaban get ba sa cikin wannan.

Kafintan Kankare, Ƙofar Ruwa:
Oga Injiniya ya gama magana, ni dai kan mol zan ƙara. Gunduwa 80 ba aikin katakon banza ba ne, zubi biyar zai kumbure. Ko dai marin bod, wato falankin katako mai jure ruwa, ko a walda na falanƙin ƙarfe mai milimita 3. Mol huɗu ko biyar sun isa, kullum a zuba a kwance washegari.

A kife ake zuba shi, gindi a sama. Ta haka cikin lambatun, inda kebul zai kwanta, shi ke fitowa sumul. Akwatin ciki a yi masa ɗan tsukewa, ƙasan lambatun ya fi bakinsa ƙunci da santimita ɗaya, in ba haka ba kankare zai riƙe shi, a zo ana dukansa da guduma har bango ya tsage. Kusurwoyin ciki a sa siririn katako mai kusurwa uku don kada su fito da kaifi. A shafa mai kafin a sa rodi, ba bayan an sa ba. Mai idan ya taɓa rodi kankare ba zai kama shi ba.

Injiniyan Gini, Bompai:
Madalla da wannan, Malam Kafinta. Sai ban ruwa, wanda shi ne ciwon Kano. Da hunturu iska ke zuƙe ruwan kankare tun bai kama ba, da bazara kuma rana ce, zafi ya haura digiri 40. Yayyafin safe da yamma irin na bulo bai isa ba. Da an kwance mol bayan awa 24, a lulluɓe da buhun algarara jiƙaƙƙe, a ɗora leda a kai, kada ya bushe ko sau ɗaya har kwana 7. Zubi kuma da sassafe ko bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa. Kada a loda a mota kafin kwana 14. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Murfi: rodi mai milimita 10, tazara 15 kowane gefe, a ƙasan murfin, santimita 2.5 daga fuskar da ke kallon rami, don ƙasan ne ke buɗewa idan an taka. Tun yana ɗanye a zana alama a samansa. Murfin da aka kife ya zama kamar babu rodi a ciki. A sa masa hannun ɗagawa biyu a lotse cikin kankaren yadda ba zai yi tuntuɓe ba.

Yanzu gaban get. Tirela cike da shanshera za ta farfasa wannan murfi a makon farko, ɓaraguzan su sauka kan kebul mai wuta. A wurin nan fayif ake binnewa cikin kankare. A haƙa zurfin mita 1.3, a yi bilandin, wato siririyar shimfiɗar kankare, santimita 5. A jera fayif ɗin PVC mai kauri, inci 6, guda huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama, ko da kebul uku ne, na huɗun ajiya ne don kada a sake fasa hanya. Tazarar santimita 7.5 tsakaninsu, kankare santimita 10 ta kowane gefe, kwaɓin 1:2:4 da ƙaramar tsakuwa. Daga saman kankaren zuwa fuskar hanya kada ya gaza santimita 60 zuwa 75.

Abin da ke kama mutane a nan, fayif babu komai a cikinsa, yana tasowa sama idan an zuba kankare. A ɗaure shi da turaku kowace mita ɗaya da rabi, a yi zubin hawa biyu. Mahaɗa a sa gam, in ba haka ba ruwan siminti zai shiga ya daskare ya yanki rigar kebul ranar ja. A toshe bakuna kafin zubi, a bar igiyar nailan a cikin kowanne. Bayan ya bushe a ja guntun katako mai ɗan ƙasa da faɗin fayif ɗin daga wannan baki zuwa wancan. Idan ya maƙale, gara a sani tun kebul bai zo ba. Cikon ƙasa hawa-hawa, santimita 15 a daddaɓe, a shimfiɗa tef ɗin gargaɗi wajen santimita 30 ƙasa da fuskar hanya. Mota kada ta hau sai bayan kwana 14 aƙalla.

Mai Wayarin, Sabon Gari:
Injiniya, a yi min izini in ƙara abu biyu a kan fayif ɗin. Idan suka zaɓi kebul mai jijiya ɗaya-ɗaya maimakon mai huɗu, to layuka ukun da nutural su shiga fayif ɗaya tare. Idan aka raba su kowa da nasa, kada a kewaye fayif ɗaya shi kaɗai da zoben rodi, kada kuma a yi amfani da fayif na ƙarfe. Wutar da ke bi ta layi ɗaya tana haddasa wata wutar a cikin ƙarfen da ya zagaye ta, ƙarfen ya yi zafi ya gasa kebul.

Na biyu, kebul a cikin fayif bai kai wanda ke sarari ɗaukar wuta ba, kuma jadawalin da ake dubawa wajen zaɓen girman kebul an gina shi ne a kan ƙasa mai sanyin digiri 20 ko ƙasa da haka. Ƙasar Kano a watan Afrilu ta wuce nan. A lissafa girman kebul bisa wannan mita 12 ɗin, don shi ne wuri mafi zafi a duk hanyar. Wayar kyamara ko ta intanet kuma kada ta bi wannan lambatu sai da tazarar santimita 30 ko fayif nata daban.

Mai Bulo, Dakata:
Allah Ya ƙara basira, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya. Mai aikin ya ce a cika lambatun da yashi bayan an sa kebul, wani kuma ya ce a bar shi fayau. Wanne ne daidai? Kuma ya zan yi da ruwan damina?

Injiniyan Gini, Bompai:
Ruwa sai ya shiga, ko ta mahaɗar murfi ko ta gefe, musamman a watan Agusta. Abin yi shi ne a ba shi hanyar fita. A yi gangare santimita ɗaya a kowace mita ɗaya, kuma ya gangara nesa da ɗakin fanel, ba wajensa ba. A camba mafi ƙasa a bar rami mai faɗin santimita 40 cike da manyan tsakuwa. Kafin a jera gunduwoyin a daddaɓe ƙasa a yi bilandin. Idan filin tsohon kududdufi ne da aka cike, a kwashe cikon har a tarar da ƙasa mai tauri, a mayar da marmara, don ciko yana zama bayan damina ɗaya, gunduwoyin su goce wa juna, bakinsu ya ciji kebul. Mahaɗa a liƙe da kwaɓin 1:3, a goge ta ciki da soso. Ni ra'ayina a bar shi fayau, a ɗora kebul a kan maratayi a jikin bango, santimita 10 sama da ƙasa, don gyara ya yi sauƙi.

Mai Wayarin, Sabon Gari:
A wani wurin da na bi bayanka, Injiniya, amma ba a gidan casa ba. Ɓuntun shinkafa da ƙura za su bi ta tsakanin murfi su cika ramin, ga ɓera da gafiya da hatsi ke jawowa. Ɓuntu yana riƙe zafi, kuma yana cin wuta a hankali ba a gani. A nan yashi ya fi: tankaɗaɗɗe marar tsakuwa, santimita 10 a ƙasa, a kwantar da kebul da tazararsa, a rufe da wani 10 ko fiye, sannan murfi. Sharaɗin dai mai lissafin kebul ya san da haka tun farko, don ya ɗauke shi a matsayin binnanne. Bakunan fayif da inda lambatu ya shiga ɗakin fanel a toshe su da abin toshiya marar cin wuta, har da fayif ɗin ajiya. Kuma Malam, ka gaya wa mai aikin kada a rufe komai sai an gwada kebul da mega, wato na'urar gwada lafiyar rigar kebul, kafin ciko da bayansa. Ɓangaren 11kV da ke shiga taransifoma ba ya cikin wannan lissafi, zurfinsa ya kai mita ɗaya, kuma sai da sanin KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, da dubawar NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, kafin a ba shi wuta.