Tambaya Kan Tunanin Yaro Mai Cutar PKU

Assalamu alaikum. Ɗana yana da PKU, cutar gado da ke hana jiki sarrafa sinadarin fenilalanin da ke cikin abinci mai gina jiki. An gano ta yana ɗan kwana goma, tun daga nan muke kiyaye abincinsa, kuma awon yawan fenilalanin a jininsa bai cika wuce maikromol 360 a kowace lita ba.

Yanzu shekararsa 13, karatunsa lafiya lau, amma idan aka ba shi lissafi mai matakai uku, sai ya tsaya a na biyu yana juya biro, ya rasa inda ya dosa. Shin cutar ce ke raunana masa tattara hankali, ko kuwa ƙuruciya ce kawai? Wane gwaji ya kamata mu roƙi likita ya yi masa, kuma sassauta abincin yanzu zai ƙara dagula lamarin?