Mu ne muka manta lissafi, ko hanyar ce ta canza?

Maman Biyu: Jama'a, na sha kunya. 'Yata 'yar aji uku ta kawo aikin gida, 52 a ɗebe 27. Na koya mata yadda aka koya mana: 2 ba ta kai 7 ba, ki ari ɗaya a wajen 5. Ta samu 25. Washegari malamarta ta rubuta mata da jan biro, wai ta nuna hanya. Wace hanya kuma, alhali amsa ta fito daidai?

Malamin Firamare: Hajiya, ba ki yi kuskure ba. Manhajar yanzu so take yaro ya san abin da yake ara, domin wannan "ɗaya" ai goma ce. Ki raba mata 52 ya zama 40 da 12. A ɗebe 7 daga 12, saura 5. A ɗebe 20 daga 40, saura 20. Ko ta ja layin lamba, wato layi mai lambobi a jere: daga 27 ta yi tsalle 3 zuwa 30, tsalle 20 zuwa 50, sai 2 ta kai 52. Ta haɗa tsallen, ga 25 ɗinta. Na taɓa tambayar ajina me suka ara, wallahi shiru kake ji.

Baban Yara: Nawa rantsuwa ya yi 1/8 ya fi 1/4 yawa, tunda 8 ta fi 4. Bayani ya ƙi shiga. Na ɗauko takarda biyu, na ninke ɗaya gida huɗu, ɗaya gida takwas, na ce ya yanko yanki guda daga kowacce. Da ya jera su, dariya kawai ya yi.

Kakan Yara: Malam, na ji, amma kada a raina hadda. Jikana sai ya zana ɗigo 56 kafin ya faɗa maka 7 sau 8. Rabawa za ta wahalar da shi nan gaba.

Malamin Firamare: Gaskiya ne Baba, ana bukatar duka biyun. Ya fara fahimta, sannan ya haddace.

Maman Biyu: To, na je na samu malamar. Na roƙe ta ta rubuta mini abin da ake so ɗan aji uku ya iya kafin ƙarshen zango, da misali ɗaya a kan kowanne. Ko shafi bai cika ba. Daren jiya mun gwada 63 a ɗebe 38 da layin lamba, ita ce ma ta gyara mini tsallena na biyu.