Kyamarar Baba ta Crown Graphic, ina so ta riƙa fitar da hoto nan take

Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana tsohuwar kyamara Crown Graphic mai cin fim inci 4 da 5, da ita ya yi sana'a a nan Tudun Wada, zugazuginta lafiya lau babu huda kuma shata, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga, tana bugawa. Burina in ɗauki Hajiyarmu da ita ranar sallah in miƙa mata hoton a take. Na ga ana sayar da gidan fim Polaroid 545, wanda ake sa wa a bayan kyamara ya fitar da hoto nan take, a intanet da araha, in saya?

Amsa daga wani dattijo mai hoto a Kawo:
Allah ya gafarta masa. Ɗana kar ka sayi 545 ɗin nan, zai shiga kyamarar tsaf amma me za ka zuba masa? Polaroid sun daina yin fim ɗinsa tun 2008, wanda ya rage ruwan maganin cikinsa yawanci ya bushe. Fim ɗin Fuji FP-100C da muka koma wa da gidan fim Polaroid 405 shi ma an tsayar a 2016. Kafin komai juya bayan kyamarar ka duba, in akwai ƙarafa biyu masu zamewa sama da ƙasa kuma gilashin dubawa yana cirewa gaba ɗaya, to irin bayan da ake kira Graflok ne, wanda ake iya ɗaura wa wani gidan fim, ka huta. In sifirin ne kawai yake ɗagawa sai an sake mata baya.

Mai tambaya:
Baba na duba yanzu, gilashin ya fita da na danna hannayen nan biyu, alhamdulillahi.

Amsa daga wata 'yar'uwa a Barnawa:
To Malam nemi LomoGraflok, gidan fim ne da ake ɗaurawa a bayan Graflok, fim ɗin nan-take na Fuji mai suna Instax Wide yake ci, guda 10 a fakiti, batir AA huɗu. Amma ga inda na yi asarar fakiti guda, fim ɗin yana zama can baya fiye da inda gilashi yake, shi ya sa suke haɗowa da wani firam da za ka sa gaban gilashin ka saita sannan ka cire ka ɗaura gidan fim, in ka manta wlh hoto dishi-dishi zai fito. Kuma kar ka dogara da ma'aunin nisan da ke jikin kyamarar, ba zai yi daidai ba. Hoton ma bai cika gilashin ba, milimita 99 da 62 ne, sai ka tsayar da Hajiya cikin iyakar firam ɗin.

Dattijon ya ƙara:
Fim ɗin ISO 800 ne, wato yana saurin kama haske, ranar Kaduna za ta iya wanke shi fes, ka zaunar da ita a inuwar zaure. Kar ka bar fakitin a mota. Ka mayar da marfin tare haske na gidan fim ɗin kafin ka danna hoton ya fito.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Zan fara gwadawa da ƙanina kafin sallah.