Shin raunin tayirod yana iya haddasa ciwon muƙamuƙi?

Maman Husna, Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana harkar lafiya da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekaruna 36, kuma bara ne aka gano cewa tayirod ɗina, wato ƙwayar nan da ke gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya kai ni asibiti shi ne a watan Afrilu, lokacin da mutanen Sakkwato suke kwana a tsakar gida saboda zafi, ni ina neman abin lulluɓa, ga kasala da zubewar gashi da bushewar fata. Da aka auna jinina aka ce TSH, wato sinadarin da ke zaburar da tayirod wanda yakan ƙaru idan ta yi rauni, ya hau, sai aka ɗora ni a kan levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod.

Yanzu wata huɗu ke nan muƙamuƙina na dama, daidai gaban kunne, yana yi mini ciwo. Idan na yi hamma sai in ji ƙas, kilishi kuwa na daina kusantarsa, kuma da asuba bakina yakan yi tauri har sai na ɗan murza wurin. An duba haƙorana an ce lafiyarsu ƙalau. Shin wannan ciwo daga tayirod yake, ko kuwa wata cuta ce daban?

Ma'aikacin Haƙori, Arkilla:

Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya ƙara sauƙi. Wurin da kike nunawa shi ne mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai, kuma a cikinta akwai wani ɗan faifan guringuntsi da yake zamewa duk lokacin da aka buɗe baki, wanda gocewarsa ce take ba da ƙarar da kike ji. Ƙarar ita kaɗai ba abin tashin hankali ba ce, domin mutane da yawa suna da ita ba tare da ciwo ba.

Game da tambayarki, akwai dalilin da zai sa a yi zargin alaƙa. Sanannen abu ne cewa ƙarancin sinadarin tayirod yana sa ciwon tsoka da taurinta da sagewar gaɓoɓi, kuma tsokokin tauna ba su fita daga cikin wannan ba. Na biyu, a inda ake samun isasshen aidin a abinci, babban musabbabin raunin tayirod shi ne cutar Hashimoto, wadda wani likita ɗan Japan ya fara bayaninta a 1912, inda garkuwar jiki take afka wa ƙwayar da kanta. Masu wannan cuta sun fi sauran mutane yiwuwar kamuwa da wasu cututtukan garkuwar jiki, har da sanyin gaɓoɓi mai kumburi, wanda yakan taɓa mahaɗar muƙamuƙi. An kuma yi wasu ƙananan bincike da suka ga ciwon muƙamuƙi ya fi yawa a tsakanin mata masu Hashimoto. Sai dai haɗuwar abu biyu a jiki ɗaya ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya, musamman da yake dukkan cututtukan biyu sun fi kama mata, saboda haka dole su riƙa cin karo ko da babu abin da ya haɗa su.

Taurin bakin da kike tashi da shi ya fi sa ni tunanin cizon haƙora cikin barci, don haka ki tambayi maigida ko yana jin haka. Ki kuma gwada jera yatsunki uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, domin lafiyayyen baki yakan buɗe kimanin milimita 40. Idan ba su shiga ba, ko bakin ya taɓa kafewa, ki je sashen haƙori da muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Hajiya Inna, Runjin Sambo:

'Yata, na shekara tara ina shan wannan magani na tayirod, kuma abin da ya faru da ni ya sa nake so ki duba yadda kike shan sa. Na daɗe ina haɗiye ƙwayar da shayi mai madara, wani lokaci tare da maganin ƙarin jini, jikina kuwa yana ta ciwo tun daga kafaɗa har haɓa, ban san cewa ni ce nake hana maganin shiga jiki ba. Ana shan sa ne da ruwa zalla kafin a ci komai, a jira rabin sa'a zuwa sa'a guda sannan a karya, kuma a bar tazarar sa'a huɗu tsakaninsa da maganin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi. Da na gyara, ciwon jikin ya ragu sosai, amma na muƙamuƙin bai bar ni ba sai da na rabu da goro, na koma gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da dare. Goron nan kuwa ya fi komai yi mini wuyar bari.

Mai Harhaɗa Magani, Gawon Nama:

Maganar Hajiya daidai take. Abin da zan ƙara, Malama, shi ne kada ki ƙara wa kanki yawan maganin da zaton zai kawar da ciwon, domin idan ya yi yawa yana sa bugun zuciya da rashin barci, a tsawon lokaci kuma yana raunana ƙashi. Awon TSH ne yake nuna ko adadin ya yi daidai, kuma ana maimaita shi bayan mako 6 zuwa 8 da duk wani canji. Idan kina ganin kumburi ko tauri a gaɓoɓin yatsunki da safe, ki faɗa wa likita domin a binciki sanyin gaɓoɓi.

Maman Husna, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yatsu biyu ne kawai suka shiga ba tare da zafi ba, maigida kuma ya ce ya sha jin ƙarar haƙorana cikin dare, bai dai ɗauke ta wani abu ba. Hajiya, ni ma da kunun gyaɗa nake shan nawa, kuma rabona da awon jini tun kafin azumi. Ranar Litinin, in Allah Ya kai mu, zan fara da awon, daga nan in wuce sashen haƙori.